Amanar Mai Ɗaukar Hoto

Idan ɗaliban aikin jarida suka hallara domin yi wa hotunan juna sharhi da suka, galibi bahasinsu yakan tsaya ga haske da tsari, alhali kuwa mas'alar da ta fi nauyi, a ganina, ita ce haƙƙin wanda aka ɗauka, da izininsa, da mutuncinsa. Hoton da Kevin Carter ya ɗauka a Ayod, wadda a lokacin take cikin ƙasar Sudan, a 1993, na ungulu tana dakon yaron da yunwa ta durƙusar, ya sanar da duniya wannan musiba, har ya sami lambar Pulitzer a 1994, amma duk da haka masu karatun jaridar New York Times, wadda ta buga hoton, sun yi ta tambayar makomar yaron, da irin taimakon da mai hoton ya yi masa.