ALAMAR GADO A JIKIN KIFI

Makiyayin Dajin Rugu ya san kowace saniya a garkensa, har uwar da ta haife ta. Kifi kuwa kamarsu ɗaya, ga su kuma a ƙarƙashin ruwa. To, yaya za a san asalinsu?

A jikin kowane mai rai akwai wani abu da ido ba ya gani, ana ce da shi DNA. A Ingila aka gane sifarsa cikin 1953. Shi ke ɗauke da gadon uwa da uba, kuma alamun da ke cikinsa su kan nuna dangi kamar yadda tsagar fuska ke nuna asalin mutum.

Akwai wani kifi na ƙasashen sanyi, sunansa salmon. A kogi a ke ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sa'an nan ya komo kogin nan nasa ya yi ƙwai. Watau kowane kogi da zuriyarsa, amma a teku duk su kan cuɗanya. A Alaska ta ƙasar Amurka, ma'aikata su kan yanki ɗan fiffiken kifin da aka kama, su auna, su san daga kogin da ya fito. In zuriyar wani kogi ta yi ƙaranci, sai a tsai da kamu a bakinsa har ta farfaɗo.

Babu salmon a Nijeriya, amma akwai tarwaɗa da karfasa, kamar na dam ɗin Zobe kusa da Dutsin-Ma, kuma awon nan ya na aiki a kansu. Ya kan nuna in iyayen kifi 'yan'uwan juna ne. Irin wannan haɗi, in ya daɗe, shi ke kawo tsumburewa da karkataccen baya da yawan mutuwa.

Saboda haka mai kiwon kifi a Batsari ko Safana, kafin ya sayi 'ya'yan tarwaɗa, ya tambayi inda aka samo iyayensu. Mai ƙyanƙyasa ya riƙa sake maza daga wani wuri dabam. Kada kuma a zuba kifin kiwo a dam ko rafi, don kada ya gurɓata na asali. Mai son ƙarin bayani ya nemi Cibiyar Binciken Kifi ta New Bussa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.