Ko Kun Sani? Hanyar Keke a Gaɓar Tekun Faransa

Ko kun san a arewacin Faransa akwai hanyar masu yawo da keke mai tsawon kusan kilomita 1,500, daga garin Roscoff har Dunkerque? Sunanta Vélomaritime.

Wurin da ya fi ƙayatar da ni shi ne kusa da Perros-Guirec, inda manyan duwatsu masu ruwan hoda suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, iska da igiyar ruwa sun goge su sumul. Amma mai keke sai ya ɗaure, domin duk bakin kogi gangara ce, daga nan kuma sai hawa.

A bakin kogunan nan, za ka wuce ka tarar da jiragen kamun kifi kwance a taɓo, sun karkace. Bayan kamar awa 6 ka dawo, teku ta cika, suna ta lilo a kan ruwa. Ƙarfin wannan cika da janyewa ne ya sa aka gina tashar lantarki a bakin kogin Rance, kusa da Saint-Malo, aka buɗe ta a 1966. Injinanta 24 suna iya ba da megawat 240.