Doguwar Jinya da Darajar Majinyaci a Tambuwal da Kebbe

A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe an saba da ciwon da ke zuwa ya wuce: zazzaɓin damina, sanƙarau a bazara, amai da gudawa. Cikin mako biyu ko uku, ko dai mutum ya miƙe ko kwana ya ƙare. A kan irin wannan ciwo aka gina al'adarmu ta dubiya. Yanzu kuwa hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki sun zauna da gindinsu, ga sikila da farfaɗiya da dama can suna nan. Waɗannan zama ake yi da su shekara da shekaru, kuma a hankali suke cinye ƙimar da mutum yake ganin yana da ita.

A ɗauki manomin da ɓarin jikinsa ya shanye a Dogon Daji ko Kuchi. A watan farko ƙofar gidansa cike take da takalman 'yan dubiya, wannan ya kawo fura, wancan ya tura kuɗi ƙarƙashin tabarma. A shekara ta biyu awaki sun ƙare, an jinginar da gona, masu "ya jiki, Baba?" sun ragu. A shekara ta biyar yana jingine a zaure, 'ya'yansa na yanke shawarar sayar da hatsi a gabansa, ba mai neman ta bakinsa.

Abu uku ke kai shi nan. Na farko, rasa matsayi. A nan darajar magidanci tana rataye da gona da cefane, ta uwargida da tukunya da hidimar biki da suna. Idan muka ce wa majinyaci "zauna ka huta" a kan kowane aiki, mun tausaya masa, amma mun cire shi daga harkar gidansa.

Na biyu, kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023, magunguna da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabi. Daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kusan kilomita 100 ne, mutumin Kebbe kuwa tafiyarsa ta fi haka, ga fargabar 'yan bindiga a wasu hanyoyin. Wanda ya saba bayarwa, idan ya koma miƙa hannu ga ƙanensa duk wata, kunya ce ke fara kayar da shi kafin ciwon.

Na uku, tsangwama. Har yanzu akwai masu gudun yawun mai farfaɗiya, alhali ba a ɗaukarta. Budurwa mai sikila tana ganin manema na janyewa, matar aure mai doguwar jinya kuma sau da yawa gidan iyayenta ake mayar da ita.

Sakamakon a bayyane yake. Wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 60, wanda aka buga a 2007, ya gano cewa tsakanin kashi 9 zuwa 23 cikin 100 na masu doguwar cuta suna fama da ciwon damuwa. Wanda ya ɗauki kansa nauyi ga iyalinsa shi ne ke tsallake magani, ya ɓoye gyambon ƙafa har ya ruɓe, ya daina fita masallaci. Ciwo ya ƙaru, kuɗi su ƙaru, damuwar ta daɗa zurfi. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, amma mutane da yawa na jin zuwa can tamkar amsa sunan mahaukaci ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba za ta yi amfani ba sai ta iso ƙaramin asibitin ƙauye.

Duk da haka, ba kowa ke durƙushewa ba. Imani da ƙaddara da zumunci suna riƙe mutane da yawa, kuma wanda aka bar wa abin yi, ko tsaron tireda ne ko biya wa yara allo, ya fi saurin daidaita da halinsa. Sai dai haƙuri bai hana mutum faɗin abin da ke cin ransa ba. Idan muka rufe masa baki da "a yi haƙuri", mun bar shi shi kaɗai.

Saboda haka, ma'aikacin lafiya da ke auna jini ya riƙa tambayar barci da walwala. Hukumar zakka da waƙafi ta jiha da shirin taimakekeniyar lafiya su sa masu doguwar jinya a gaba. Limamai su tunatar cewa ladan dubiya bai ƙare a watan farko ba. Kai kuma mai karatu, idan akwai irin wannan majinyaci a gidanku, ka nemi shawararsa yau, ka kuma yi aiki da ita.