Dokokin Lafiya Na Jihohi: Ina Rabon Mutumin Da Ke Kurmi?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya bar iyali a gida ya zo neman abinci Ikko ko Badun ya san irin wayar da takan shigo da tsakar dare. Uwargida tana naƙuda an ce sai an kai ta asibitin birni, ko kuwa yaro ya kwana uku da zazzaɓi har ya soma suma. Kafin gari ya waye an taɓa jari, wani ma sai ya ci bashi wajen abokan zama. Haka abin yake ko'ina, domin fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa.

To, majalisun dokoki na jihohi sun daɗe suna kafa dokoki don rage wannan nauyi, amma da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Kudu ba su ma san da zamansu ba.

Gwamnatin Tarayya ce ta fara. A 1999 aka kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, ya soma aiki a 2005, sai dai galibin waɗanda suka ci moriyarsa ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne. Mai sayar da albasa da mai gadi da ɗan dako ba su shiga lissafi ba. A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ƙananan asibitoci da maganin talaka. Wani kaso na wannan kuɗi ba ya isa jiha sai ta kafa hukumarta ta kanta bisa doka. Wannan na daga cikin abin da ya zaburar da 'yan majalisa.

Jihar Ikko ta yi tata dokar a 2015, aka ƙaddamar da shirin a ƙarshen 2018, shi ne ake kira Ilera Eko. Oyo da Kano sun yi nasu a 2016, Kaduna kuma a 2018. A Kano da Kaduna ba a sa kalmar inshora cikin sunan hukumar ba, saboda mutane da dama suna ƙyamarta ta fuskar addini. Aka kira shirin na taimakekeniya. Bugu da ƙari, a 2017 Majalisar Dokokin Kano ta kafa asusun tallafa wa lafiya, wanda ake zuba masa wani kaso na harajin jiha da na kuɗin ƙananan hukumomi. Daga bisani, a watan Mayu na 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar da ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga irin wannan shiri.

Yadda shirin ke tafiya kuwa kamar adashi ne, illa dai wanda ciwo ya kama shi ne mai ɗauka. Mutum zai yi rajista, ya biya kuɗin shekara, ya zaɓi asibitin da zai riƙa zuwa, a ba shi kati. In zazzaɓi ya zo, ko awon ciki, ko haihuwa, sai ya nuna katin a duba shi ba tare da an ce ya kawo kuɗi nan take ba. Akwai manyan cututtukan da shirin bai ɗauka ba, don haka a nemi a karanta wa mutum jerin abin da ya biya wa tun kafin ya bar ofis.

Amma fa akwai wuraren da ɗan ci-rani ke faɗawa rami. Kowace doka iyakarta kan iyakar jiharta, kati kuma yana ɗaure da asibitin da aka zaɓa. Dokar Ikko ta yi magana ne a kan mazauna jihar, ba ta ce sai ɗan asali ba. Ke nan Bakano mai sana'a a Agege ko Mile 12 yana da haƙƙin shiga Ilera Eko daidai da maƙwabcinsa Bayarabe. Matarsa da 'ya'yansa da ke Bichi ko Rano kuwa a Kano za a yi musu tasu rajistar. Mutum ɗaya, rajista biyu.

Sai maganar yawan iyali. Tun daga shirin Tarayya lissafin da aka saba yi shi ne miji da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, watau mutum shida. Mai mata biyu, ko mai riƙon tsohuwa da marayun ɗan'uwa, sai ya ƙara kuɗi. Wannan batu ne da ya kamata 'yan majalisun Arewa su dube shi da idon basira, tunda su sun san yadda gidajenmu suke.

Mafi girma duka shi ne halin da ɗakin shan magani na ƙauye yake ciki. Kati ba ya karɓar haihuwa in babu ungozoma, ba ya kuma zama magani in kanta babu kome. Da can ƙananan asibitoci a warwatse suke tsakanin ƙaramar hukuma da ma'aikatu daban-daban, kowa na tura wa wani laifi. Jigawa ta gwada haɗa su da dokar Gunduma a 2007, kana a 2011 aka amince a ƙasa baki ɗaya cewa kowace jiha ta mayar da su ƙarƙashin hukuma guda. Tun a 2001 kuma shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za a ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Majalisar jiha ce ke amincewa da kasafi, ita ce kuma ke da ikon kiran kwamishina ya faɗi nawa aka saki daga abin da aka rubuta.

Saboda haka aiki ya rage gare mu. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin shanu, goro da kayan gwari suna iya gayyato jami'an hukumar jihar da suke zaune, su yi wa jama'a bayani da Hausa, a yi rajista a ƙungiyance. Wanda ya je gida Salla ya leƙa asibitin mazaɓarsu ya ga ko akwai ma'aikaci da dare, ya nemi 'yan kwamitin raya mazaɓa ya ji kukansu, sa'an nan a haɗu a kai wa ɗan majalisa takarda. Wanda kuma ya yanki ƙuri'arsa a Agege ko Sabo, ɗan majalisar wurin wakilinsa ne, yana da bakin tambayarsa.

Abu ɗaya da kowa zai riƙe: dokar 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Da kati ko babu kati, a Ikko ko a Kano, a tuna wa ma'aikatan wannan cikin ladabi. Allah Ya ba mu lafiya da abin biyan bukata.