Iskoki Biyu Masu Juya Shekara a Yammacin Zamfara

Manomi a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san bazara da damina da kaka da hunturu, amma abin da ke jera su haka yana farowa ne daga wurare masu nisan gaske. Iskoki biyu ne ke karɓa-karɓa a kanmu: busasshiya daga hamadar Sahara, da mai danshi daga tekun Atlantika.

Ƙa'idar ita ce iska tana barin inda ta taru ta yi nauyi, ta nufi inda ta yi sauƙi. A watannin Disamba da Janairu hamada na yin sanyi, iskarta ta yi nauyi, sai ta kwararo mana ta arewa maso gabas. Ita ce ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage. Daga Maris zuwa Mayu kuwa rana na gasa ƙasa, iskar da ke kanta ta yi zafi ta tashi sama, sai iskar teku ta kutso daga kudu maso yamma don cike gurbin.

Inda iskokin nan suka haɗu akwai iyaka, kuma iyakar ba ta zama wuri ɗaya. A Janairu tana can kusa da gaɓar teku. Daga nan ta riƙa haurowa, ta wuce Zamfara, ta kai cikin hamada a Agusta. Ruwa mai yawa ba a bakin iyakar yake zuba ba, sai a bayanta ta kudu, inda danshi ya yi kauri har gajimare ya samu abin ginuwa. Shi ya sa Agusta ke zama marka a nan, gulabe su cika su batse, kamar yadda ambaliya ta ci gidaje da gonaki a Gummi a Agustan 2024. In kuma iskar teku ta yi rauni sai fari, irin na 1973 da 1984.

To, me ya sa hadari ke tasowa daga gabas alhali danshin daga kudu maso yamma yake zuwa? Saboda can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas, ita ke tura hadarin zuwa yamma.

A watan Mayu iyakar nan kan yi gaba ta dawo baya. Ruwan farko zai iya sauka, busasshiyar iska ta sake mamaye wurin na makonni, shuka ta ƙone. Don haka kafin a zuba irin gero ko dawa, a tona a ga zurfin laima, a kuma saurari hasashen yanayin da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara.