Pink Floyd da King Crimson a Kan Ma'auni

A ƙarshen shekarun 1960 wasu samarin Ingila suka gaji da waƙar minti uku. Suka shiga tsara kiɗan rok mai dogon zango, inda waƙa ɗaya kan cinye gefen faifai sukutum, suna gauraya jita da salon jaz da tsohon kiɗan Turai. Masoyansa "prog" suke ce masa. Cikin ƙungiyoyin da suka taso a Landan, biyu sun isa a auna su: Pink Floyd da King Crimson.

In dai kasuwa ce, ba a ma fara gardama. Faifan Pink Floyd The Dark Side of the Moon na 1973 an sayar da kwafinsa fiye da miliyan 45, ya kuma shafe shekara 14 yana cikin jerin Billboard na Amurka. Hoton bangonsa, gilashin nan mai kusurwa uku da haske ke ratsawa ya fito launi-launi, yana kan rigunan yaran da ko sau ɗaya ba su saurari faifan ba. A 1980 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta waƙar Floyd "Another Brick in the Wall", saboda ɗalibai sun mayar da ita waƙar zanga-zanga. King Crimson kuwa ko ƙurar wannan ba su gani ba. An shigar da Floyd zauren karrama mawaƙan rok a 1996. Su Crimson har yau suna bakin ƙofa.

To amma a tambayi makaɗa. Faifan King Crimson na farko, In the Court of the Crimson King na 1969, shi da dama ke ɗauka a matsayin tubalin salon gaba ɗaya. Jagoransu Robert Fripp, wanda a zaune kan kujera yake kaɗa jitarsa ba tsalle ba rawa, mutum ne mai taurin kai: ya rushe ƙungiyar a 1974 bayan faifan Red, ya sake ginata a 1981 da wani sauti dabam, daga baya ma ya jera masu ganga uku a gaban dandali. Mai ganga Bill Bruford ya bar ƙungiyar Yes a 1972, tauraruwarsu na tsaka da haskawa, don kawai ya kaɗa tare da shi. Ƙungiyar Tool ba ta ɓoye bashin da Crimson ke binta, Kanye West kuma ya yanki waƙar Crimson "21st Century Schizoid Man" ya sa a "Power" a 2010.

Floyd sun samo sauti ɗaya mai sanyi, suka goge shi har ya yi ƙyalli, sannan rigimar 'yan ƙungiyar Roger Waters da David Gilmour ta raba gidan a 1985. Crimson ba sa bari sauti ya zauna, abin da ya kori mai saye, ya kuma jawo mai koyo. A ganina farin jini na Floyd ne ba tantama, sai dai a fagen sauya yadda ake kiɗan kansa, Fripp da mutanensa sun ɗan rinjaya.