Takardun Abzin cikin Kwamfuta: Hoton Shafi da Matsalar Rubutu

Anu Araren wuri ne da ke dab da Cirozerin, kimanin kilomita 75 arewa maso yamma da Agadas. Ba a san shi da littattafai ba, da gawayin ƙasa aka san shi, watau kwal. A 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR domin haƙar wannan gawayi, a 1981 kuma tashar lantarki ta wurin ta fara ba da wuta ga ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akokan, da kuma garuruwan Agadas da Cirozerin. Amma sunan wurin da na maƙwabcinsa sun isa su nuna matsalar da wannan ƙasida za ta duba.

A takardun Faransanci ana samun Anou Araren, ana samun Anou-Araren da ɗan layi a tsaka. Da ƙa'idar Hausa kuwa Anu Araren ne, kalmar "anu" ma'anarta rijiya a harshen Tamajak. Maƙwabcin nasa ya fi shi yawan kamanni: Tchirozérine, Tchighozérine, Cirozerin. Dalili kuwa shi ne akwai wani sauti na maƙogwaro a Tamajak, irin gaini na Larabci, wanda kunnen Bafaranshe ya ji kamar "r" ɗin harshensa, wasu kuma suka rubuta shi "gh". Mutum da ya ga waɗannan ya san gari ɗaya ake nufi. Kwamfuta ba ta sani ba. A wurinta garuruwa uku ne dabam. Ke nan idan an ɗauki hoton dukan takardun wannan yanki an zuba cikin na'ura, mai bincike ya nemi suna ɗaya, kashi ɗaya kawai zai samu, sauran kuwa suna nan a ajiye amma sun ɓace masa.

Abin da ke akwai

Ƙasar Abzin tsohuwar mazaunin ilimi ce. Shehu Magili ya ratsa ta Tagidda a ƙarshen ƙarni na 15 kafin ya isa Katsina da Kano. Imam Suyuɗi ya aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha daga Masar. A Agadas ne kuma Shehu Usumanu ɗan Fodiyo ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Tarihin sarakunan Agadas, wanda Yves Urvoy ya fassara zuwa Faransanci a 1934, daga rubuce-rubucen fada ya fito, kuma Djibo Hamani ya dogara ƙwarai ga irin waɗannan takardu cikin littafinsa na 1989 a kan sarautar Ayar. Sai dai abin da ya saura guntu ne. Bayan yaƙin Kaosan, sa'ad da sojan Faransa suka sake kama Agadas cikin watan Maris na 1917, an kashe malamai da yawa, an kwashe mutanen tsaunuka daga garuruwansu. Francis Rodd, wanda ya zaga Abzin a 1922, ya tarar da garuruwa masu yawa kango. Inda mai littafi ya mutu ko ya yi gudun hijira, littafi ba ya daɗewa.

Taska mafi girma ta hukuma tana Yamai, a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken IRSH. Asalinta tarin da Boubou Hama ya yi ne lokacin yana shugaban majalisar dokoki, an ƙiyasta ta da rubuce-rubuce wajen 4,000, kuma gidauniyar Al-Furƙan ta London ta buga jerin sunayensu, aikin Moulaye Hassane, daga 2004. A Yamai ɗin ne kuma cibiyar CELHTO take, wadda aka kafa a 1968 domin tattara adabin baka, da faya-fayen maganar dattawa, maroƙa da mawaƙa. Ban da waɗannan akwai abin da ke hannun gidajen malamai a Agadas da Ingal, cikin gafaka da akwatin ƙarfe.

Akwai kuma aji na uku wanda ba a cika ɗaukarsa taska ba domin ƙuruciyarsa: jaridun karkara da littattafan yaƙi da jahilci da aka gurza da injin kwafi, sanarwar asibiti, takardun ƙungiyoyin ma'aikata, wasiƙun da ma'aikatan ma'adinai ke aika wa iyalansu a Damagaram, Maraɗi ko Tawa. A garuruwan ma'adinai, inda Buzu, Bazabarme, Babarbare da Bahaushe ke aiki tare, Hausa ce harshen kasuwa da unguwa, Faransanci na ofis. Ga masanin harshe wannan Hausa abin nazari ce. Takardar da aka buga ta a kai kuwa ta fi ta malaman ƙarni na 19 saurin lalacewa, don mai arha ce, tana yin ja tana karyewa. Rufe ma'adinin COMINAK na Akokan a ƙarshen Maris na 2021 ya nuna cewa garin ma'adini ba ya dawwama. In aiki ya tsaya mutane kan watse, kowa da ƴan takardunsa.

Ɗaukar hoto

Wannan ɓangare shi ne mafi sauƙi, ko da yake shi ke cin kuɗi. Ana kafa kamara bisa sanda tana kallon ƙasa, a sa fitila hagu da dama, a ajiye ma'auni da katin launuka kusa da shafi don a san girmansa da ainihin launin tawada. Ƙa'idar da aka saba ita ce ɗigo 300 cikin kowane inci a ƙalla, a adana hoton asali cikin siffar TIFF wadda ba ta rage kome. Hoto ɗaya na kamara mai ɗigo miliyan 20 yana kai megabayit 60. Kundi mai shafi 400 ke nan ya ci gigabayit 24.

Littattafan Sudan ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke cikin tadarishi. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar da marubuci kan sa a gindin shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Mai ɗaukar hoto da bai iya karanta wannan kalma ba zai dawwamar da hargitsin da ya tarar, ko ya ƙara nasa. Haka nan alamar da ke cikin jikin takarda, kamar jinjirin wata uku na takardun Italiya da suka ƙetaro Sahara, ba ta fitowa sai an haska warƙar ta baya, alhali sau da yawa ita ce kaɗai shaidar zamanin littafin.

Abin da ya faru a Tumbutu cikin Janairu na 2013, sa'ad da aka ƙona ko aka sace rubuce-rubuce wajen 4,000 a cibiyar Ahmad Baba, shi ya sa masu ba da kuɗi suka mai da hankali ga wannan aiki. Shirin ceton taskoki na babban ɗakin karatun Ingila, wanda ya fara a 2004, yana da sharaɗi mai kyau: asalin takarda ba ya barin ƙasarsa, kuma ana ajiye kwafi a wata cibiya ta ƙasar. Amma kwafi na cin wuta. Faifan ajiya yana mutuwa cikin ƴan shekaru, zafi da ƙura na gaggauta ajalinsa, dole a riƙa juye abin da ke ciki, a kuma ajiye shi wuri biyu ko uku. Daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, an ga yadda ofisoshin Yamai suka wahala. Arewa kuwa ta daɗe tana dogara ga tashar Anu Araren. Duk wanda zai tsara taskar kwamfuta a Agadas sai ya sa kuɗin wuta da na sabunta faifai cikin lissafi, ba na kamara kaɗai ba.

Faya-fayen murya sun fi gaggawa. A 2019 UNESCO da ƙungiyar taskokin sauti ta duniya sun yi gargaɗi cewa na'urorin kunna tef na gab da ƙarewa, an daina ƙera su da kayan gyaransu. Ana iya karanta takarda da ido bayan shekara 300. Tef kuwa in babu injinsa shiru ne.

Hoto ba matani ba ne

Nan ne aikin masanin harshe yake. Hoton shafi yana tsare kamannin shafi, amma ba a iya neman kalma cikinsa, ba a ƙirga ta, ba a ɗebo ta a sa cikin ƙamus ko littafin koyarwa. Sai an mai da shi haruffa. Hausar Nijar kuwa an rubuta ta da hanya huɗu a ƙalla, kowace da tarkonta.

Ajami shi ne mafi tsufa. Hannunsa na Magrib ne, bisa ruwayar Warshu: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a bisa. Na'urar karatu da aka horar da buga irin na Masar sai ta ɗauki ƙaf a matsayin fa. Ana rubuta "ɗ" da ɗa mai hannu, "ts" da ita ɗin an ƙara mata ɗigo uku, wasalin "e" da imala, ɗigo mai kauri a ƙarƙashin harafi. Yawancin marubuta ba su bambanta "b" da "ɓ" ba, ba su kuma raba "o" da "u" ba, rufu'a ce ga duka biyu. Saboda haka "duka" da "doka" kan zo da siffa ɗaya, ma'anar jimla ce ke raba su. Tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa cikin kwamfuta, bai karɓi fa, ƙaf da nun irin na Afirka ba sai 2016, wasu haruffan ajamin Hausa kuma sai 2020. Tifinag na Abzinawa ya riga su shiga, a 2005.

Wani abin lura shi ne yawancin ajami ba littafi ne mai zaman kansa ba. Yana cikin gefen littattafan Larabci da tsakanin layuka, inda almajiri ya rubuta fassarar malaminsa. Mai jera sunaye ya duba matanin tsakiya ya rubuta "Larabci, fiƙihu", ya wuce. Tsohon Kanembu da ke cikin Alƙur'anan Barno, wanda A. D. H. Bivar ya bayyana a 1960 kuma Dmitry Bondarev ya bi diddiginsa, ta irin wannan gefe aka same shi. A Abzin, inda Heinrich Barth ya tarar a 1850 mutanen Agadas na magana da wani reshe na Sanwai kafin Hausa ta maye gurbinsa, gefen shafi na iya ɗauke da Hausa, Tamajak ko wannan harshe da ya shuɗe. Lalle takardar bayanin kowane kundi ta tanadi gurbi na musamman: harshen matani dabam, harshen gefe dabam.

Hanya ta biyu ita ce ta ma'aikatan mulkin mallaka, masu rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci: "ou" maimakon "u", "tch" maimakon "c", "Serki n'Tourawa" maimakon Sarkin Turawa. Ta uku ita ce ta taron Bamako na 1966, wadda hukumar yaƙi da jahilci ta bi, inda ake ninka dogon wasali; sunayen jaridun zamanin, Gangaa da Saabon Ra'ayii, su kansu shaida ne. Ta huɗu ita ce wadda ta biyo bayan taron daidaita rubutu na Yamai a 1980, aka bar ninka wasali, dokar 1999 kuma ta tabbatar da ita. Ko a nan Nijar na rubuta "ƴ", Nijeriya na rubuta "'y", kuma waƙafin saman nan yana da lamba fiye da ɗaya cikin kwamfuta.

Jaridun ninka wasali sun cancanci kulawa ta musamman. Su ne kusan wuri ɗaya da aka rubuta tsawon wasalin Hausa cikin dubban shafuka na zance na yau da kullum. Wanda ya juye su zuwa ƙa'idar yau ya share wasalin na biyu, ya sauƙaƙa wa mai karatu, amma ya zubar da abin da masanin sauti zai yi shekaru yana nema. Na'urar karatu kuma tana da nata ɓarna: injin rubutu na dā sau da yawa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, da alƙalami ake ƙara ƙugiyar, ita kuwa na'ura ta ɗauke ta datti. Sai "baƙi" ya koma "baki", "ɗaure" ya koma "daure". Haka fayilolin shekarun 1990, waɗanda aka rubuta da haruffan gida kafin Unicode ya yaɗu: in an buɗe su yau, alamomi marasa ma'ana ke tsaye a gurbin ɓ, ɗ da ƙ.

Sa'an nan ga karin harshe. Marubucin Adar ko Gobir yana rubuta "biyat", "hwara". Mai juyewa da ya koyi daidaitacciyar Hausa hannunsa kan gyara waɗannan ba tare da ya lura ba, yana ganin kuskure ya kawar. Maganin abin shi ne kowane shafi ya kasance da fuska uku a haɗe: hoton, da juyi na harafi da harafi wanda ba a taɓa kome cikinsa ba, da juyi bisa ƙa'idar yau domin nema da koyarwa. Sunayen wurare da na mutane kuma a yi musu rajista guda, inda Tchirozérine, Tchighozérine da Cirozerin za su koma lamba ɗaya. Aiki ne mai jinkiri. Mai kamara na iya ɗaukar ɗaruruwan shafuka a yini, mai juye ajami kuwa in ya gama ƴan kaɗan ya yi ƙoƙari. Shi ya sa tsare-tsare da yawa kan tsaya ga hoto, don shi ake iya ƙirgawa cikin rahoto.

Masu iya wannan karatu suna nan, amma ba a jami'a suka fi yawa ba. Suna makarantun allo da zaurukan ilimi, da kuma cikin tsofaffin malaman yaƙi da jahilci da suka koyar da ƙa'idar 1966. Su ne kuma sau da yawa masu takardun, kuma suna da haƙƙin cewa wannan a nuna, wancan na asirin gida ko na magani kada a sa shi a intanet. Tun daga Maris na 2025, da kundin sake gina ƙasa ya sanya Hausa harshen ƙasa na Nijar, bukatar matanin Hausa irin na Nijar domin ƙamus da littattafan makaranta ta ƙaru. Masu tsara yaƙi da jahilci na jihar Agadas za su iya farawa da abin da ke kusa da su: a ƙirga kofen jaridun karkara da suka rage a ofisoshin Agadas, Cirozerin da Arlit, a rubuta shekarar kowane da ƙa'idar rubutunsa, kafin a sayi kamara.